Farin Ƙwaro a Shingen Maƙwabta

Akwai wani manomi mai lambu a bayan gari. Tsakanin lambunsa da na maƙwabcinsa akwai shingen murtsunguwa, shukar nan mai kaurin ganye, mai faɗi kamar tafin hannu, cike da ƙaya. Shingen ne yake hana awaki shiga su cinye masa albasa. In rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, yakan yanko ganyen, ya babbake ƙayar a wuta, ya ba tumakinsa su ci.

Wata shekara ya ga wani abu fari kamar auduga ya manne a ganyen. Ya sa tsinke ya murje shi, sai ja ya fito kamar jini. Ashe ƙananan ƙwari ne suka lulluɓe kansu da farin nan, suna tsotse ruwan shukar. Duk inda suka yi yawa, ganyen yakan yi rawaya, ya yanƙwane, ya faɗi.

Manomin ya dama sabulu a ruwa, ya ɗaura soso a bakin sanda, ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya yana wankewa. Waɗanda suka lalace ya sare su, ya haƙa rami ya binne. Ba a daɗe ba farin ya dawo. Ya sake wankewa, farin ya sake dawowa. Da ya leƙa ta wata kafa, sai ya ga ɗaya gefen ya yi fari fat, iska tana kwaso ƙwarin tana kawo masa.

Ransa ya ɓaci. Maƙwabcin nan tsoho ne, shi kaɗai yake zaune a bukkarsa cikin lambun. Dā ma manomin yana riƙe da shi a zuciya, domin kwanan nan in ya ɗaga masa hannu daga nesa, tsohon ba ya amsawa. Ya ce a ransa, “Ni ina shan rana, shi yana zaune a inuwa. Yau sai ya ji daga bakina.”

Ya zagaya da bokitinsa a hannu, yana shirya maganar da zai faɗa. Da ya shiga, ya tarar da tsohon a durƙushe gindin shingen, yana shafa ganyen da hannu. In ya taɓa wuri mai laushi sai ya murje da yatsa. Hannuwansa sun kumbura, sun yi jawur.

Tsohon ya ji motsi, ya ɗago kai ya ce, “Wane ne?”

Rana tsaka ce, manomin kuwa yana tsaye dab da shi. Sai ya fasa faɗar maganar da ya shirya.

“Ni ne, Baba.”

“Af, ɗana ne. Ka yi haƙuri. Tun damina idona ya fara hazo, yanzu inuwa kaɗai nake gani. Na ji ƙanshin sabulu, na ji saran addarka, na san ciwo ya kama shingen. Ba na so ya zama ta wajena yake zuwa maka. Shi ne nake laluben ƙwarin.”

“Baba, me ya hana ka kira ni?”

Tsohon ya ce, “Kana da naka nauyin. Kuma ban saba roƙo ba.”

Manomin ya ajiye bokiti, ya zauna a ƙasa. Ya ɗora hannun tsohon a cinyarsa, ya ciro matsefata daga aljihu, ya shiga cire ƙayoyin a hankali. Da ya wanke hannun, bai iya bambanta jinin ƙwari da jinin tsohon ba. Hawaye suka cika masa ido, tsohon kuwa bai gani ba.

Daga ranar, ta lambun tsohon yake fara wanki kafin ya koma nasa. Tsohon yakan zauna kusa yana dama masa sabulu, suna hira. Wani sashe na shingen ya riga ya mutu, suka dasa lafiyayyen ganye a gurbinsa. Da ruwa ya sauka, sabon toho ya fito ta gefe biyu. Idon tsohon bai dawo ba, amma kowace Lahadi manomin yakan biyo ya riƙe masa hannu su tafi sujada.

Ga ma'anar misalin. Shingen nan zamanmu ne tare, a gida da cikin ikkilisiya. Ƙwarin kuma su ne wahala da rauni da suke cin ɗan'uwa a ɓoye, har su ƙetaro su taɓa mu. Sau da yawa mukan tsabtace namu gefen, mu leƙa ta kafa, mu yanke wa mutum hukunci, alhali ba mu san abin da yake fama da shi ba. Ubangiji Yesu bai tsaya daga nesa yana duban lalacewarmu ba. Ya zo inda muke durƙushe, ya kama hannunmu.

Ƙaunatattu, wataƙila akwai wanda ya daina amsa gaisuwarku, ko ya daina zuwa sujada, kun kuwa ce girman kai ne. A makon nan, kafin ku ƙara magana a kansa, ku zagaya ku shiga ta ƙofarsa, ku dubi hannuwansa.