Buick Mai Ruwan Hoda

Akwai wani mutum a garin Flint mai suna Delbert, alƙalin ƙungiyar masu tara ƙananan motocin wasa na ƙarfe, kwafin tsofaffin motocin bayan yaƙin duniya na biyu. Ya san motocin, ba a hana shi wannan. Amma bakinsa ba linzami, kuma kujerar alƙalancin nan ita ce rayuwarsa.

Wata Asabar mijin ƙanwarsa, Orval, ya kawo wata 'yar mota ƙirar Buick ta 1953 da ya tsinta a gwanjo. Launinta ruwan hoda.

Delbert ya tuntsire da dariya. "Kai dai ba ka da ido! Ja aka yi su duka. Wannan wani sakarai ne ya shafa mata jan farcen matarsa."

"Ni dai na ga fentin kamar na kamfani ne," in ji Orval.

"Kai har ka san fenti? Ba ni nan in nuna maka aiki."

Orval ya haɗiye fushinsa ya miƙa masa. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, ai sai a riƙe masa ƙota.

Delbert ya kankare fentin tas, ya fesa mata ja. Ranar taron ƙungiya ya dangwarar da ita a tebur gaban kowa.

"Ga shirmen surukina, na mai da shi mota."

Cikin baƙin ranar akwai wata tsohuwa, Gladys, wadda ta yi shekara talatin tana fenti a kamfanin da ya ƙera su. Ta juya motar, ta ga sauran ruwan hoda a lungun taya.

"Wane mara mutuncin ne ya yi wannan?"

"Gyara na yi, Baba," in ji Delbert.

"Gyara? Guda shida muka fesa na gwaji, da hannuna. Biyar sun ɓata tuntuni. Ta ƙarshen ce ka kashe!"

Nan take aka kaɗa ƙuri'a, aka sauke Delbert, ko hannu ɗaya bai tashi dominsa ba. Ni kam ban ji tausayinsa ba.

Ya ɗauki motar jiki a sanyaye zai mayar wa Orval.

"Riƙe abinka," in ji Orval. "Irin wannan jar, kowane gwanjo akwai ta."

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Abin da ba ka taɓa gani ba, ba shi ne babu ba, tambayi kafin ka kankare. Tura wa wanda ka san ya fi kowa sani.