Kabarin Ƙofar Gida

An yi wani mutum da ya ba ƙanwarsa umarni, ta dubi tsabar idonsa ta ce ba za ta yi ba.

Mutumin ya daɗe yana aiki a birnin Auckland na ƙasar New Zealand. Da ya dawo ƙasarmu Samoa sai ya sayi ɗan ƙaramin gida mai rufin kwano a wani gari na bakin teku. Ya ɗauko ƙanwarsa Fuatino, malamar makaranta, suka zauna tare. A ƙofar gidan, ta wajen ruwa, akwai kabarin tsohuwa Salaevalu, kamar yadda muke binne namu kusa da mu. An kewaye shi da tarin duwatsu. Ɗanta Pouono, wanda ya sayar da gidan, abu ɗaya ya roƙa: a bar uwarsa inda take. Mutumin ya ce ya ji.

Bayan ya tare, sai ya ga wurin kabarin ya dace da ajiye mota.

Ya ce wa ƙanwarsa, "Ke, je ki kwashe furannin kabarin can. Gobe masu fasa dutse za su zo."

"Yaya, ka yi wa mutumin nan alkawari."

"Gidana ne ko na gawa? Malama, ajiye wa'azinki sai kin shiga aji."

"Hannuna dai ba zai taɓa ba."

Ya 'yan uwa, a wurinmu wa ke take maganar 'yar'uwarsa? Tun muna yara aka gaya wa maza cewa ita ce ƙwayar idonsu. Shi kuwa ya watso mata kayanta waje. Ta tattara, ba ta yi kuka ba, ta koma ɗakin ajiyar kaya na makaranta ta shimfiɗa tabarma.

Aka fasa kabarin. Pouono ya zo da 'ya'yansa, suka naɗe ƙasusuwan uwarsu a farin ƙyalle, suka tafi. Duwatsun kuwa aka kwashe aka zuba siminti.

Abin da mutumin bai tambaya ba shi ne dalilin yawan duwatsun. Shekara da shekaru zuriyar tsohuwar ke jera baƙaƙen duwatsu don kada teku ta ci uwarsu. Ashe gidan ma suke tarewa.

Ruwa ya fara lasar ƙasa a hankali. Siminti ya tsage. Da aka yi shelar guguwa, samarin gari suka bi gida gida suna ɗaure rufi da igiya. Fuatino ta roƙe su, suka je gidan yayanta. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ku gaya wa wadda ta aiko ku ban mutu ba tukuna."

Guguwa ta zo. Teku ta shiga ta inda kabarin yake, ta ɗauke mota, ta ɗauke rabin gida. A ƙarƙashin bango aka zaro shi, ƙafa ɗaya ba ta ƙara takawa ba.

Wanda ya ci amanar matacce, me zai hana ƙasa ta ci tasa amanar? Girman kai ya rushe gidan nan tun kafin iska ta iso.

Kada kuma ku zaci Fuatino ta ci riba. Shi kaɗai ne ɗan'uwanta a duniya. Kullum tana kai masa dafaffiyar gwaza a zauren cocin da yake kwance, kullum yana juya mata baya. Har yau bai kira sunanta ba. Ta tsaya a kan gaskiya, ta rasa gida, ta rasa yaya, kuma ta ce ko gobe aka sake ba ta umarnin, amsarta ɗaya ce.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya ba masu tsayuwa ƙarfin ɗaukar abin da tsayuwa ke jawowa. Amin.