Ganuwar da Bakinta Bai Haɗu Ba

Dalilin da ya sa ganuwar Kafin Tunau ba ta da ƙofa, sai wani siririn lungu da dole mutum ya sauke wa jakinsa mangala kafin ya ratsa, ba shi ne abin da manya suke gaya muku ba, yara. Su cewa suke dabarar yaƙi ce ta kakanni. To, ku matso ku ji yadda aka yi, ni ba na ƙara wa labari gishiri.

A zamanin da, garin fili ne fetal, ko shinge babu. Da mahara suka addabi ƙasar, sai Mai Gari Tunau ya kira Barmo, Sarkin Magina, ya ce yana son ganuwa kafin ruwan farko ya sauka.

"In ta kewaye gari ta haɗu, rawaninka yana nan. In ba ta haɗu ba, ka nemi wani garin."

Barmo kuwa nan aka haife shi, nan kabarin ubansa yake, kuma bai taɓa yin sati guda a wani wuri ba. Ya kira gayya ya raba ta biyu, mutanen gabas a ƙarƙashin Jatau, mutanen yamma a ƙarƙashin Nomau. Aka fara daga arewa, suka juya wa juna baya, a kan za su haɗu a kudu, inda suka haɗu nan za a kafa ƙofa. Shi kuwa Barmo yakan shiga gaba yana zuba toka a ƙasa, magina suna bin layin da tubali.

Aiki ya yi ta tafiya lami lafiya har saura kaɗan. Barmo ya zuba tokar ƙarshe, ya tafi daji kwana uku neman itacen ƙyaure. Abin da bai lura ba, layin nan ya ƙetare hanyar rijiya. Da safe matarsa Delu ta fito da tulu, ta ga toka a gicciye a kan hanya, ta ja da baya tana salati. Ta tara mata ta ce wani mugu ya yi wa gari sammu. Kafin hantsi sun share wurin tas, har da yayyafa ruwa.

Da magina suka iso suka ga babu toka, ai sai kowa ya bi hancinsa. Kun san halin gayya, in ganga ta yi zaƙi babu mai son a ce shi ya fara tsayawa. Jatau ya ɗan fita waje, Nomau ya ɗan shigo ciki, makaɗa suna ta zuga su.

Barmo ya dawo ya tarar bangaye biyu sun zo daf da juna suna shirin wucewa, kamar maƙwabtan da ba sa ga-maciji. Ya yar da gatari ya ruga.

"Jatau, tsaya! Ina za ka?"

"Kudu mana, Sarki. Ba kudu ka ce ba? Mu ne a kan hanya, ka ce wa Nomau ya karkato."

Ya zagaya da gudu wurin Nomau.

"Ni in karkata wa Jatau? A gaban makaɗa? Sarki, in kudu ake nema, ga ni a cikinta."

Barmo ya tsaya tsakani ya dubi wannan, ya dubi wancan, har shi ma ya daina gane ina ne kudun. Ya yi ta kai da kawowa yana ihu, ganga ta danne muryarsa. Ba su tsaya ba sai da tubali ya ƙare, lokacin sun wuce juna da taki arba'in, sun bar wani lungu a tsakani wanda mutum biyu ba sa jerawa.

Mai Gari ya zo dubawa. Ya shiga lungun, ya fita, ya sake shiga, ya fito yana share gumi.

"Barmo, yanzu ina cikin gari ne ko ina waje?"

"Ranka ya daɗe, ina jin... rabi da rabi."

Nan take aka warware masa rawani. Mai Gari ya ce ya fita, iyalinsa su bi shi in sun gama haɗa kaya. Delu ta zo tana kuka ta ce, "Maigida, ashe tokar taka ce?" Barmo ya ɗauki ƙullinsa ya shiga lungun, mutanen gari suka taru daga ciki suna jiran su ga ya tafi. Da ya kai bakin waje sai ya zauna a ƙasa ya yi tagumi, baƙin ciki ya cika shi.

Yana nan zaune da rana tsaka, sai ga mahara a kan dawakai, sun fi talatin. Sun zagaya ganuwa sau biyu suna neman ƙofa ba su samu ba. Babbansu, wani dogo mai tabo a kunci, ya nuna Barmo da mashi.

"Kai, tsoho! Ina ƙofar garin nan?"

"Babu."

"To mene ne wannan?"

"Wallahi ban sani ba. Ni na gina shi, amma ban san abin da na gina ba."

Dogon ya leƙa lungun, ya ga ya lanƙwasa, ba a ganin ƙarshensa.

"Me ke can ciki?"

"Duk mutanen gari. Suna tsaye suna jira."

"Wa suke jira?"

Barmo ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ku dai shiga ku gani, ni na gaji. Amma sai ɗaya bayan ɗaya, ba ya cin mutum biyu."

Mahara suka dubi juna. Dogon ya ja linzami baya, ya ce wa mutanensa mai hankali ba ya gina irin wannan sai da dalili, kuma tsohon da ya ga mashi bai ko tashi ba, ya san abin da ya taka. Suka juya a guje, ba su sake waiwayar garin ba.

Waɗanda suka hango daga kan ganuwa suka sa guɗa. Aka ɗauko Barmo a kafaɗa, aka kusa maƙalewa da shi a lungun. Mai Gari ya naɗa masa rawani da hannunsa.

"Ashe tarko ka haɗa, ka ɓoye mana!"

"Ranka ya daɗe, kuskure ne. Toka aka share."

"Ku ji shi! Har yanzu ba ya son asiri ya tonu."

"A ba ni kwana goma in gyara."

"Wanda ya taɓa ko tubali ɗaya, shi zai bar garin nan."

Jatau da Nomau kuwa, kowa ya ce shi ya fara gane nufin Sarki. Barmo ya rayu ya tsufa a garinsu yana rantsuwa kuskure ne, kuma duk lokacin da ya rantse sai girmansa ya ƙaru. Ya mutu bai gane abin da ya faru da shi ba.

Shi ya sa har yau muke sauke kaya a bakin lungu, muna ɗauka a ka, jaki yana bin mu a baya wayam. Kuma in ka je gidan Sarkin Magina ka tambayi jikokin Barmo hikimar ginin nan, za su ce maka, "Wallahi mu ma ba mu sani ba." Sai ka ga dattawa suna gyaɗa kai, suna cewa gidan nan dai akwai riƙon sirri.