Kaset ɗin Kawu Ɗanladi

Akwai wata yarinya a Garo, ta ƙasar Kabo, mai suna Juwairiyya. Ga kyau, ga ƙoƙarin karatu, amma abu guda ya hana ta sakat: muryar ƙanwarta Ummu Hani.

Kawunsu Ɗanladi ya daɗe yana tsaron ƙofar wata silima a Kano. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka sallame shi, ya dawo gida daga shi sai rediyo da kaset guda na wata tsohuwar mawaƙiyar Indiya, ta lokacin finafinan baƙi da fari. Ba ya gajiya da labarinta.

"'Yar talakawa ce fa," haka yake cewa. "A zamaninta ba a ɗora wa mutum muryar wani. Da bakinta take rerawa, makaɗa na ɓoye a bayan bishiya suna riƙe mata kari. Ita ake gani, su ba mai ganin su."

A gindin rediyon nan Ummu Hani ta tashi. Ko kalma ɗaya ba ta ji a yaren, amma ta haddace karin tsaf, ta ɗora masa yabon Manzon Allah. A Islamiyya ita ke jan baƙi, sauran 'yan mata na amshi. Har ta kai mata sun daina kiran Juwairiyya da sunanta, sai dai "yayar mai murya". Wannan suna yana ci mata rai. Takan laɓe a bayan rumbu tana kwaikwayon ƙanwarta, ba wanda ya sani.

Sai Shari'a ta zo, kowa ya shiga taitayinsa. A shekarar aka sa walimar saukar karatu a Gwarzo, aka ce Ummu Hani ce za ta ja yabo.

Juwairiyya ta cusa kaset ɗin a hijabi, ta nufi gidan shugabar makarantarsu, Malama Zubaidatu.

"Malama, ni fa ba da wata manufa na zo ba. Tsoron Allah ne kawai. Karin yabon Ummu Hani daga waƙar Indiyan nan ta ɗauko shi."

Malama ta saurara, fuskarta ta sauya. Ta zare zaren kaset ɗin ta jefa a murhu.

"Kada in ƙara jin wannan kari. Ke za ki ja, a kan karinmu na da. Ummu Hani ta koma amshi."

Ummu Hani ta sha kuka. Sai ta riƙa zama wajen kakarsu Inna Sauda, tana taya ta tsince wake, tsohuwar na koya mata karin da.

"Yaya, ki zo mu koya tare."

"Ni za a koya wa? Je ki dai, 'yar Indiya."

Ranar walima fili ya cika. Juwairiyya ta karɓi abin magana, ta buɗe baki. Jama'a, me kuke tsammani ya fito? Karin Indiyan nan dai da ta kai ƙara. Shi ta saba da shi a bayan rumbu, shi harshenta ya sani.

Malama ta ɗago kai. Juwairiyya ta tsaya, ta sake farawa, ya sake fitowa. Mata suka fara ƙusƙus.

Sai ta ji wata murya ƙasa-ƙasa daga sahun baya, tana rera karin da, a hankali, yadda ake riƙe hannun yaro mai koyon tafiya. Ummu Hani ce. Ba ta ɗaga murya ta danne yayarta ba, ta dai riƙe mata hanya. Juwairiyya ta bi, baiti bayan baiti, har aka kai ƙarshe.

Mata suka yi ta sa mata albarka. Duk wadda ta ce "Allah ya ƙara basira", sai Juwairiyya ta ji kamar an mare ta.

Da suka koma Garo ta tarar da Kawu a zaure, rediyo a cinyarsa, yana buɗe gidan kaset yana rufewa, ba komai a ciki. Labari ya riga ta isowa.

"An ce kin yi ƙoƙari," ya ce, bai dube ta ba. "Wa ya tsaya miki a bayan bishiya?"

Ta durƙusa, kuka ya ci ƙarfinta. Ya yafe mata, ƙanwar ma ta yafe. Amma kaset ya tafi. Kawu ya nema har Kano bai samu irinsa ba, kuma har ya koma ga Allah bai sake jin muryar nan ba.

Darasi: Hassada ba ta ƙara wa mutum abin da Allah bai ba shi ba, sai dai ta ƙona abin wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda kike son ki kayar yau, wataƙila shi zai tare ki gobe. Ku tura wa yayye da ƙanne su karanta, Allah ya wanke mana zukata.