Rijiyar Barmo da Turken Gada

Akwai wani makiyayi a kwarin Tarka ana ce masa Barmo. Rijiyarsa gaba ashirin ce, da hannunsa ya gina ta. Duk damina, in zai yi arewa da shanu wajen Tenhya, sai ya rufe bakinta da itace da ƙaya, ya kai igiya da guga gidan maƙwabcinsa Safiyanu, manomi. A wajenmu, wanda aka bar wa igiya shi aka bar wa rijiya.

Wata damina, bayan tafiyar Barmo, sai ga ma'auna, masu awon ƙasa, na wani kamfani da motoci. Suka ce ana shirin kawo jirgin ƙasa, za a yi wata doguwar gada ta tsallake kwarin. Awonsu ya faɗa tsakiyar gonar Safiyanu, gero ya fara kai.

Safiyanu ya ja babbansu gefe, ya nuna masa tarin ƙaya.

"Ranka ya daɗe, ku matsa can mana. Tsohuwar rijiya ce, ta mutu tuntuni. Ba ka ga an rufe ba?"

Baƙo bai san al'adar wuri ba. Suka cike rijiyar da ƙasa da duwatsu, suka zuba siminti, suka kafa turken shaida.

Da kaka Barmo ya dawo. Shanu suka ruga wurin da suka saba sha, suka tsaya suna shinshinar siminti. Kafin ya kai su wani ruwa, maruƙa huɗu sun faɗi.

Ya je ƙofar Safiyanu.

"Ɗana, ina rijiyata?"

"Baba, aikin manya ne. Wa ya isa ya hana?"

"Direbansu ya gaya mini a kasuwar Belbeji. Bakinka ne ya kashe ta. Miƙo igiyata."

Barmo bai yi zagi ba, bai kai ƙara ba. Ya yi nisa, shi da 'ya'yansa suka soma ginin sabuwar rijiya.

Ma'auna ba su sake dawowa ba. Aka ji an sauya hanyar. Turke na nan, ba gada, ba jirgi. Da rani ya tsananta, tabki ya ƙafe, sai Safiyanu ya tuna gidansa ma daga rijiyar nan yake sha. Gero cike da rumbu, ba ruwan dafa shi.

Ya ɗora jarkoki a jaki, ya yi tafiyar rabin wuni zuwa sabuwar rijiyar. Ya gai da Barmo, kansa a ƙasa, ya kai hannu zai taya jan guga.

Barmo ya janye igiyar.

"Ajiye jarkokinka, zan cika maka. Ba na hana ruwa. Amma igiyata, hannunka ba zai ƙara taɓa ta ba."

Darasi: Amanar da aka bar maka, kada ka fanshi kanka da ita. Mutumin kirki zai iya ci gaba da taimakonka, amma yardarsa ta tafi ke nan. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda aka bar wa ajiya.