Gawon Gonar Nomau

Dalilin da ya sa gawo yake tsayawa tsirara da damina, lokacin da kowane itace ya yi kore shar, sannan ya fitar da ganye da rani, yara, ba ciwo ne ke damunsa ba. Alkawari ne, kuma a gonar wani mutum mai suna Nomau aka ƙulla shi.

A da can, gawo ma da damina yake ganye, kamar tsamiya da marke. Inuwarsa ta fi ta kowa kauri, duk geron da ya tsiro a ƙarƙashinsa sai ya yi rawaya ya kwanta. Don haka a ƙauyen su Nomau, duk shekara idan aka zo sharar gona, kowa sai ya sare itacen da ke gonarsa. In an yi masa magana ya ce, "Nawa ƙwaya ɗaya ne, ai daji cike yake."

Nomau kaɗai ne bai sare nasa gawon ba. Ba tausayi ya hana shi ba, ƙyuya ce. Ran nan da bazara matarsa Hakama ta ajiye masa gatari a gabansa.

"Maigida, bara ko rabin rumbu ba mu cika ba," in ji ta. "Ko bana ma inuwar za mu tuƙa wa yara?"

Nomau ya saɓa gatari ya tafi gona. Ya ce bari ya fara da rassan sama, ya hau har ƙoli. Da ya gyara zama zai kai sara, sai ya ɗaga kai.

Ya duba gabas, babu itace. Ya waiga yamma, sai kututture, gona bayan gona, har inda sama ta haɗu da ƙasa. Rafin da ya koyi iyo a ciki ya zama farin yashi. Dajin da kowa ke cewa cike yake, babu shi, ashe gonakin mutane ne dajin. Awakin ƙauyen gaba ɗaya sun nufo wannan inuwa guda, suna haki. Gatari ya suɓuce wa Nomau ya faɗi ƙasa.

"Ka gama kallo?" in ji wata murya daga jikin reshen da yake kai. "Ni kullum abin da nake gani ke nan."

Saura kaɗan Nomau ya bi gatarin. Ya rungume reshe ya ce, "Baba Gawo, wa ya yi wannan ɓarna?"

"Kowa ya sare ƙwaya ɗaya. Sauka ka ɗauki gatarinka ka cike."

"Ba zan iya ba," in ji Nomau. "Amma in na bar ka, gerona ba zai yi ba, ga yara a gida."

Gawo ya ce, "To, mu raba shekara. Na bar wa geronka damina, zan zubar da ganyena rana ta same shi. Ni zan ɗauki rani, in kai saiwata ƙasa in nemo ruwa. Kai kuma, duk inda ka ga tsiron gawo kana noma, ka ɗaga fartanya ka tsallake shi."

Nomau ya amsa, ya koma gida da gatari ko ɓawon itace bai taɓa ba. Hakama ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Yanzu da itacen kuka yi ciniki? To, Allah ya sa ya fi ka cika alkawari."

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Wata safiya Nomau ya je gona ya tarar da gawo fayau, ganyen duk a ƙasa, rassa farare fat sai ƙaya. Mutane suka taru suna riƙe baki, don ba a taɓa ganin itace ya tuɓe da damina ba.

Maƙwabcinsa Ɓarau ya ƙwanƙwasa gindin ya ce, "Nomau, tsohon naka ya mutu a tsaye. Kawo gatari mu raba, matanmu na neman makamashi."

Nomau ya kira gawo a hankali, gawo bai amsa ba. Ya sake kira, shiru. Duk da haka ya ce wa Ɓarau, "Ba a taɓa shi." Ya ci gaba da nomansa, duk inda ya ga ɗan tsiron gawo ya ɗaga fartanya, mutane na yi masa dariya wai yana renon ƙaya.

Ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama taki. Da kaka ta yi, geron gindin gawo ya fi na ko'ina tsayi, zangarniya kamar damtse. Hakama ta zo ɗaukar damma, ta ɗaga kai, sai ta saki igiyar hannunta. Itacen da aka ce ya mutu ya fara tofo, alhali ciyawa duk ta bushe.

Da rani ya tsananta, awakin gari suka rayu da 'ya'yan gawon, suka watsa irin cikin kashinsu a kowace gona. Damina na zagayowa, aka ga Ɓarau a duƙe yana kewaye wani ɗan tsiron gawo da ƙaya, kada awakinsa su cinye.

Shi ya sa har yau gawo yake tuɓewa idan ruwa ya sauka, ya yi ganye idan kowa ya bushe. Shi bai taɓa saɓa nasa ba. Namu rabin kuwa yana hannun duk wanda ya riƙe fartanya, har da ku, ranar da kuka fara bin kunyar gona.