Kwaɗin Lambun Ticha Nashiru

Akwai wani malamin firamare a Lamashegu, cikin Tamale, sunansa Nashiru, amma kowa Ticha yake ce masa. Abin da zan ba ku labari ya fara ne ranar wata Litinin da ƙarfe takwas na safe, farkon daminar 1953, Turawa na mulki.

Ticha bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kuma shi aka ba lambun makaranta. Bayan wata biyu sufeton makarantu zai zo dubawa, rahotonsa ne zai nuna ko za a bar wa Ticha ajinsa ko a tura shi ƙauye.

Yana da wani littafi da aka buga a Ingila, mai hoton lambu fes, layi-layi, ko ciyawa ɗaya babu. Irinsa yake so sufeto ya tarar.

A safiyar nan ya tara 'yan aji biyu, ya raba wa kowa gefen da zai shuka kuɓewa da wake da alayyafo. Sai ya ga kwaɗi suna tsalle a gindin shinge.

Ya ce, "Wannan ƙazanta ce. Duk wanda ya kashe goma, yana da sabon fensir."

Yara suka watse da sanduna suna ihu.

A bakin ƙofar makaranta akwai Mma Abibatu, tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai. Ta ajiye ludayi ta matso.

"Ticha, ɗana, me kwaɗo ya yi maka? Shi ke cinye tsutsa da fara. In ka gama da shi, wa zai yi maka gadi?"

Ticha ya ɗaga littafin sama yadda yara za su gani. "Mma, a shafi na nawa kika karanta wannan? Ki kula da kokonki kar ya huce."

Yara suka yi dariya. Mma Abibatu ta koma kan kujerarta.

Yarinya ɗaya ce ta ƙi ɗaukar sanda, Humu, jikar Mma, 'yar shekara bakwai. Ticha ya sa ta durƙusa a rana har aka tashi tara.

Sati uku lambu ya yi kyau kamar na hoto. A na huɗu ganyen wake ya fara hujewa. Kafin sati na shida tsutsa ta gama da alayyafo, fara ta bi kuɓewa. Ticha ya sa yara tsince su da hannu kowace safiya. Washegari sai a tarar da sababbi.

Gefe ɗaya kawai ya tsira, na Humu, can ƙarshen shinge. Ticha ya ɗauka ƙasar wurin ce ta fi kyau, bai je ya duba ba.

Ranar da sufeto ya zo, Bature ne dogo mai jin Hausa. Ya bi lambun yana rubutu. Ticha na biye da shi.

A gefen Humu sufeto ya tsaya. Tsakanin kuɓewar akwai fasasshiyar tukunya a kife, ƙasar da ke ƙarƙashinta a jiƙe. Ya ɗaga ta da sandarsa. Kwaɗi huɗu suka zuba masa ido.

Ya tambayi Humu, "Wa ya ajiye su nan?"

Ta dubi Ticha, ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce, "Ni ce. Ɗakinsu ne. Suna cin tsutsa, tsutsa ba ta cin ganye, mu kuma mu ci miya."

Sufeto ya yi murmushi, ya juyo ga Ticha. "Madalla, Malam. Ka koya mata abin da manya da yawa ba su sani ba. Don me ba ka yi haka a sauran lambun ba?"

Yaran ajin su talatin suka juyo suna kallon Ticha. Wasu fensirin da ya ba su na saƙale a kunne. Ya san in ya yi shiru, yabon nan zai shiga rahoto da sunansa. Ya kuma san duk yaran sun ga ranar da Humu ta durƙusa.

Ya cire hularsa. "Ranka ya daɗe, ba ni na koya mata ba. Ni na sa aka kashe sauran. Mai wannan ilimi ga ta can tana sayar da koko."

Da sufeto ya tafi, Ticha ya nufi bakin ƙofa, yara na binsa a baya. Ya durƙusa gaban Mma Abibatu.

"Mma, na ci miki fuska a gaban yara, a gabansu nake neman gafara. Ki zo ki koya mana."

Ta ce, "Tashi, kar ka ɓata wandon gwamnati. Ku nemo tukwanen da suka fashe. Kai za ka ɗebo ruwa."

Bayan sati biyu takarda ta zo. An bar Ticha a Lamashegu, amma an ƙi yi masa ƙarin girma a shekarar. Lambun bai ba da komai ba sai gefen Humu. A damina ta gaba aka kifa tukwane goma sha biyu a gindin shinge, kuma kowace Laraba Mma Abibatu ke zagayawa da 'yan aji biyu cikin lambun.

Darasi: Babu halittar da Allah Ya yi a banza. Ku nuna wa yaranku aikin kowace kafin su ɗaga mata sanda, kuma kada takarda ta sa ku raina wanda ya koyi abu da idonsa. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani su karanta wa yara.